Hikayoyin Samartaka da Abota a Ma'aunin Musulunci

 

Abin da filin namu zai duba a wannan mako shi ne wata tambaya da ta daɗe tana damun iyaye da malaman makaranta, watau batun littattafan hikaya da ake ƙagawa a kan samari da 'yan mata masu tasowa: yadda yaro ke ƙulla abota, yadda yake saɓa wa na gaba da shi, da yadda yake faɗi-tashi har ya gane ko shi wane ne. Irin waɗannan labarai sun cika kasuwa, sun shiga ɗakunan kwanan ɗalibai, yanzu kuma sun koma cikin wayar hannu, inda uba ba ya ganin bangon littafi, balle ya tambayi abin da ke ciki. Wasu iyaye sun ce a hana baki ɗaya. Wasu kuwa sun ce ai karatu kowane iri ne ya fi yawon banza. A shekarar 2007 har an ƙone wasu littattafan hikaya a Kano a bainar jama'a, amma wannan bai sa an daina rubutawa ba, bai kuma sa an daina karantawa ba. Saboda haka ya kamata mu zauna mu auna al'amarin da ma'aunin addininmu.

SHEKARUN DA AKE MAGANA A KANSU

Da farko mu san cewa shekarun da waɗannan labarai ke magana a kansu su ne shekarun da alƙalami ke hawa kan ɗan Adam. Malaman fiƙihu sun ambaci alamomin balaga, kamar mafarki da tsirowar gashi, da haila ko ciki ga mace. In babu ko ɗaya daga ciki, sai a koma ga shekaru: mashahurin zance a mazhabar Maliku shi ne shekara 18, su kuwa Shafi'awa suka ce 15. Daga cikin hujjojin masu cewa 15 akwai labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, wanda aka mayar da shi gida ranar Uhudu yana da shekara 14, aka kuma karɓe shi ranar yaƙin gwalalo yana da shekara 15.

Abin lura a nan shi ne, yaron da muke kallo a matsayin ɗan aji uku ko aji huɗu na sakandare, mai yiwuwa a wurin shari'a ya riga ya zama mukallafi, ana rubuta masa lada, ana rubuta masa zunubi. A daidai wannan lokaci ne kuma yake fara jin maganar aboki fiye da ta uba, yake fara tambayar kansa abubuwan da ba ya iya tambayar kowa a gida. Ba mamaki ba ne in ya nemi amsa a cikin labarin wani yaro irinsa. Duk wanda ya buɗe Ahalari, littafin da ake fara karatun fiƙihu da shi a zaurukanmu, zai ga tun a shafukan farko, kafin a zo babin tsarki, marubucin ya ja kunnen baligi game da wanda zai yi abota da shi da wanda zai zauna da shi. Ashe magabata sun gane cewa balaga da abota tare suke tafiya.

SHIN ƘAGA LABARI ƘARYA CE?

Wannan ita ce mas'alar farko, malamai kuwa sun yi saɓani a kanta. Wasu sun ƙyamaci ƙagaggen labari, suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi kashedi mai tsanani ga mai shirga ƙarya domin ya ba mutane dariya. Wasu kuwa sun halatta, suka ce ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da bai faru ba domin ya gaskata cewa ya faru. Shi kuwa mai hikaya, da shi da mai karatu duk sun san ƙagawa aka yi, matsayinta matsayin buga misali ne. Malaman nahawu sun shafe ɗaruruwan shekaru suna cewa Zaidu ya bugi Amru, ba wanda ya taɓa kai su ƙara gaban alƙali.

Wani abin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi na biyu shi ne aikin malamanmu na gargajiya. Littafin Muƙama na Hariri, wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan hijira, watau 1122, labarai ne 50 na wani gwanin baki mai wayo da ake kira Abu Zaidi, da mai ba da labarinsa Harisu ɗan Hammamu. Dukansu ƙagaggun mutane ne. Shi kansa Hariri ya kare kansa a gabatarwar littafin, ya kwatanta aikinsa da labaran da ake sa wa a bakin dabbobi domin koyar da hikima. Duk da haka manyan malamai a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina sun karanta shi, sun karantar da shi a zaure, domin sanin lugga. Abin da ya fi kwanta mana a rai ke nan: hikaya kamar ƙwarya take, hukuncinta yana bin abin da aka zuba a cikinta. In nono ne a sha, in giya ce a zubar.

SAMARI A CIKIN ALƘUR'ANI DA TARIHI

Musulmi ba baƙo ba ne ga labarin matashi mai neman gaskiya, sai dai namu labaran na asali gaskiya ne, sun faru. Suratu Yusufa, mai ayoyi 111, ta ɗauko yaro tun daga mafarkin da ya gaya wa mahaifinsa, ta bi shi cikin rijiya, da kasuwar bayi, da gidan Azizu inda aka jarrabe shi da fitinar mace yana kan ganiyar ƙuruciya, da kurkuku inda ya zauna da wasu samari biyu, har ya zuwa ranar da ya yafe wa 'yan'uwansa. A Suratul An'ami an ba mu labarin Annabi Ibrahimu da tauraro da wata da rana, a Suratul Anbiya'i kuma mutanensa sun ambace shi da saurayi a lokacin da ya karya gumakansu. Mutanen kogo da ke cikin Suratul Kahfi su ma samari ne, abokan juna, waɗanda suka haɗa kai suka bar garinsu domin su tsira da imaninsu. Da kowannensu shi kaɗai ne, da abin ya fi masa wuya.

A tarihin sahabbai ma haka abin yake. Mus'abu ɗan Umairu saurayi ne ɗan gata a Makka, wanda ba a fi shi sutura da turare ba. Ya musulunta, mahaifiyarsa ta tsare shi, ta yanke masa duk wani jin daɗi, amma shi ne wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika Madina ya koyar da Alƙur'ani kafin hijira. Ya yi shahada a Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, mayafin da aka samu na yi masa likkafani bai isa ya rufe kansa da ƙafafunsa gaba ɗaya ba. Salmanul Farisi kuwa ɗan mai gari ne a yankin Isfahan, mahaifinsa ya kulle shi a gida saboda tsananin so, ya sa shi tsaron wutar bauta. Ya gudu zuwa Sham, ya bi malaman Nasara ɗaya bayan ɗaya, daga Mausil zuwa Nasibina zuwa Ammuriyya, aka yaudare shi aka sayar da shi bawa, a haka ƙaddara ta kai shi Madina.

Akwai kuma wani labari da Darimi ya ruwaito wanda ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Lokacin da Manzon Allah ya yi wafati, Abdullahi ɗan Abbas yana da kimanin shekara 13. Ya ce wa wani saurayi daga mutanen Madina su tafi su riƙa tambayar sahabbai ilmi tun suna da yawa. Saurayin ya yi mamaki, ya ce masa yana zaton mutane za su buƙace shi alhali ga manya nan da ransu? Sai ya ƙi zuwa. Ɗan Abbas ya tafi shi kaɗai, yakan shimfiɗa mayafinsa a ƙofar gidan sahabi da tsakar rana, iska na watsa masa ƙura, yana jiran mai gidan ya tashi daga ƙailula ya ji hadisi guda. Wancan saurayi ya rayu har ya ga jama'a sun kewaye Ɗan Abbas suna tambayarsa, ya yarda cewa abokin nasa ya fi shi hankali. Ga abokai biyu, ga shawara guda, ga makoma biyu. Wace hikaya ce ta fi wannan?

ABIN DA MARUBUTA SUKA YI DA WANNAN JIGO

In muka juyo ga ƙagaggun labarai, za mu ga Musulmi sun riga mutane da yawa shiga wannan fage. Ibnu Ɗufail na Andalus, likita kuma masanin falsafa wanda ya rasu a Marrakish a shekarar 1185, ya rubuta labarin Hayyu ɗan Yaƙzanu, jaririn da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi. Da barewar ta mutu, sai ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya hana ta motsi, ya tarar da wani gurbi a zuciyarta babu kome a ciki, ya gane cewa abin da yake ƙauna ya tafi ya bar gangar jiki. Daga nan ya yi ta tunani a kan wuta da dabbobi da taurari har ya sakankance cewa akwai Mahalicci guda ɗaya. An fassara littafin zuwa Latinanci a 1671, zuwa Ingilishi kuma a 1708. Malamai suna da gyara a kan wasu ra'ayoyin falsafa da ke cikinsa, amma akwai darasi guda da ya shafi zancenmu. Duk da irin filin da marubucin ya ba hankali, Hayyu bai san salla da azumi da zakka ba sai da wani baƙo mai suna Absalu ya sauka a tsibirin, ya koya masa magana, ya ba shi labarin Manzo da shari'a. Ko a ƙagaggen tsibiri, sai da aka kawo aboki kafin sanin kai ya cika.

A ƙasar Hausa, gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a shekarar 1933 ta haifar da littattafan da har yau ake karantawa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labari ne na yaron da aka sace, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi kamar ɗansa ya kai shi ƙasar Larabawa, ya yi karatu ya zama malami, daga baya ya taso neman mahaifiyarsa. Tarbiyyar Umar ta zo ne ta hannun mariƙi da malami, ba a ba shi wani aboki tsaransa mai tasiri ba. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa akwai abokin tafiya, Malam Zurƙe ɗan Muhamman, amma tsakaninsa da Alhaji Imam ramuwar gayya ce da gasar wayo, kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami, sai can a ƙarshe suka shirya. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya matso kusa da matsalar zamani, domin ya nuna abin da ke samun saurayin da ya bar ƙauye ya shiga birni ya faɗa cikin miyagun abokai.

Zaynab Alkali, 'yar jihar Borno, ta fitar da littafinta na Ingilishi The Stillborn a shekarar 1984. A ciki akwai Li da ƙawarta Faku, 'yan mata biyu da suka tashi a ƙauye suna mafarkin aure da zaman birni. Kowaccensu ta samu auren da ta yi buri, kowaccensu kuma ta ga yadda birnin ya juya mata baya. Li ta koma makaranta ta zama malama, ta zama ginshiƙin gidansu, Faku kuwa ta sha wuya ƙwarai kafin ta samu tudun dafawa. A Senegal kuma, Shaihu Hamidu Kan ya fitar da littafi da Faransanci a 1961, labarin Samba Jallo, yaron da aka ɗauke daga gaban malaminsa na allo aka sa shi makarantar Turawa, ya je har birnin Faris ya karanta falsafa, ya dawo gida zuciyarsa a rabe biyu, salla ta gagare shi. Duk uban da ya sa ɗansa boko da Islamiyya a lokaci guda ya san wannan ciwo, ko bai taɓa jin sunan littafin ba.

MA'AUNI GUDA HUƊU

Tunda mun ga hikaya tana iya zama magani tana kuma iya zama dafi, ga tambayoyi huɗu da uba ko malami ko shi kansa mai karatu zai yi wa kowane littafi.

Ta farko: wane irin aboki labarin ya ƙawata? Manzon Allah ya kwatanta abokin zama nagari da mai sayar da turare, wanda ko bai ba ka ba, ko ba ka saya ba, za ka shaƙi ƙamshi, ya kuma kwatanta mugun abokin zama da mai zuga a maƙera, wanda ko bai ƙona maka tufa ba za ka kwashi wari. Buhari da Muslimu ne suka ruwaito. Hausawa ma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa halaye biyar da ake dubawa ga aboki a cikin Bidayatul Hidaya: hankali, da kyawun hali, da kirki a addini, da rashin kwaɗayin duniya, da gaskiya. Da yawa daga labaran zamani suna auna aboki da abu guda kawai, watau rufin asiri: aminiya ita ce wadda za ta yi wa iyayenki ƙarya ta ce a gidansu kika yini, amini shi ne wanda zai kai maka wasiƙa a ɓoye. Wannan abokin cin mushe ne. A Suratul Kahfi an nuna mana abokin da ya dubi mai gonaki biyu ya gaya masa gaskiya mai ɗaci lokacin da dukiya ta ruɗe shi. A Suratul Furƙani kuma an nuna mana mai cizon hannu ranar ƙiyama yana nadamar wanda ya riƙa a matsayin masoyi. Littafin da jaruminsa ke da aboki mai iya ce masa "ka yi kuskure" ya ci wannan jarrabawa.

Ta biyu: me labarin ke nufi da mutum ya gane kansa? Akwai labaran da ke koya wa yaro cewa duk abin da zuciyarsa ta raya masa shi ne gaskiyarsa, duk wanda ya hana shi kuwa maƙiyi ne. Musulunci ya rarrabe tsakanin rai mai yawan umurni da mummuna, da rai mai zargin kansa, da rai mai natsuwa, duka ukun an ambace su a Alƙur'ani. Wanda ya bi na farko yana zaton ya samu 'yanci, alhali ya samu ubangida ne mai wuyar sha'ani. Akwai wata magana da ta shahara a bakin masu wa'azi, mai nuna cewa sanin kai hanya ce ta sanin Ubangiji. Imamu Nawawi ya ce ba ta tabbata daga Annabi ba, saboda haka kada a jingina masa ita, amma malamai sun yi bayanin ma'anarta da kyau: wanda ya san rauninsa da buƙatarsa da ƙarewarsa zai san ƙarfin Mahaliccinsa da wadatarSa da wanzuwarSa. Sanin kai a wurinmu ya haɗa da mutum ya gano baiwar da Allah Ya yi masa ya yi aiki da ita. Zaidu ɗan Sabitu yana yaro aka ga kaifin ƙwaƙwalwarsa, Manzon Allah ya umurce shi ya koyi rubutun Yahudawa, ya iya cikin kimanin rabin wata, daga baya shi aka ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani a zamanin Abubakar.

Ta uku: yaya aka nuna saɓo? Ba a cewa labari ya ɓaci don kawai an ambaci zunubi a cikinsa, domin labarin da babu jarrabawa a cikinsa ba ya koya wa kowa kome. Suratu Yusufa ta ambaci rufe ƙofofi da yaga riga, amma mai karatu yana fitowa daga ayoyin da tsoron Allah da ƙaunar kamun kai. Bambancin yana wajen siffantawa. Marubucin da ya ɓata shafi goma yana ƙawata alfasha, sa'an nan ya kawo tuba a layi biyu na ƙarshe, ya san abin da yake sayarwa, mu ma mun sani.

Ta huɗu: yaya aka nuna iyaye da malamai? A nan sai mu yi adalci. Littafi ba ya zama mugu don ya nuna uba ya yi kuskure, domin iyaye suna kuskure. Balaraba Ramat Yakubu a cikin Wa Zai Auri Jahila? ta ba da labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren da ba ta so, daga baya ta koma neman ilmi. Irin wannan labari hannunka mai sanda ne ga manya, gara su ji shi. Abin ƙi shi ne labarin da ke mayar da duk wani babba wawa ko azzalumi, ya nuna cewa girma yana farawa ne ranar da yaro ya ɗaga wa uwarsa murya. Suratu Luƙmana ta koya mana cewa ko iyaye sun kira ɗa zuwa shirka, zai ƙi bin su a wannan, amma ya ci gaba da kyautata zama da su a duniya.

KIRA GA IYAYE DA MARUBUTA DA MATASA

Ya ku iyaye, hani kaɗai ba ya wadatarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a gidaje da yawa ita ce rashin hira tsakanin uba da ɗa, da tsakanin uwa da 'ya. Ku karɓi littafin ku karanta, ko ku sa a karanta muku, sa'an nan ku tambayi yaron: wane ne ya fi burge ka a ciki, don me? Amsar da zai bayar za ta gaya muku abin da shekara guda ta bincike a jakarsa ba za ta gaya muku ba. Ku kuma san abokan 'ya'yanku da sunayensu da gidajensu, ku bar su su shigo zaure su ci tuwo, domin abokin da ke jin kunyar idonku ya fi wanda ba ku taɓa gani ba.

Ya ku marubuta, fagen nan a buɗe yake, tarihinmu kuwa cike yake da abin rubutu. Abdullahi ɗan Fodiyo ya faɗa da kansa cewa yana da shekara 13 ya koma hannun wansa Shehu Usmanu domin karatu, ya kuma zauna tare da shi a gida da tafiya. Shehu yana da amini, Umaru Alkammu, wanda ya kasance tare da shi tun farkon al'amari. Muhammadu Bello yana da Giɗaɗo ɗan Laima, amininsa wanda ya zama wazirinsa, mijin Nana Asma'u. Shehu kansa ya fara wa'azi yana da kimanin shekara 20. Ashe jihadin da ya sāke fasalin ƙasar nan samari ne abokan karatu suka ɗauki nauyinsa. Ban da tarihi, ga rayuwar yau: almajirai biyu da suka baro gari ɗaya, 'yan mata biyu a makarantar kwana, ɗan mai kuɗi da ɗan mai gadinsu a aji guda. Sharaɗi dai shi ne ku rubuta mutane masu jini a jika, masu kuskure da nadama da dariya. Yaro yana gane wa'azin da aka yi wa lulluɓi da labari tun daga shafi na biyu, ya ajiye ya ɗauki wani.

Ya ku samari da 'yan mata, ku tuna da hadisin mutane bakwai da Allah zai sa a inuwarSa ranar da babu wata inuwa sai taSa, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslimu. A cikin bakwai ɗin akwai matashin da ya taso cikin bautar Allah, akwai kuma mutane biyu da suka so juna domin Allah, suka haɗu a kan haka suka rabu a kan haka. Ƙuruciyarku da abotarku duka biyu suna cikin jerin. Ku karanta labari mai kyau, ku ji daɗinsa, amma kada ya cinye muku sallar asuba ko haddar gobe. In kun rufe littafi, ku dubi wanda kuke zama da shi a aji da wanda kuke hira da shi a waya, ku auna shi da halaye biyar ɗin nan na Gazali, sa'an nan ku auna kanku da su, domin shi ma abokin naku yana da haƙƙin ya samu aboki nagari.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya haɗa su da abokai na ƙwarai, Ya raba su da miyagu, Ya sa albarka a alƙaluman marubutanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne kuma Mafi sani.